Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Tarawa da Ɗebewa Tare

Yaro ɗan shekara biyar ko shida zai iya rera ƙidaya daga ɗaya har ɗari ba gargada, iyaye suna ta murna, amma a ce masa "miƙo mini tsakuwa bakwai" sai ya dumbuzo cike da hannu ya kawo. Wannan yaro waƙar lambobi ya haddace, bai san adadi ba tukuna. In aka ɗora masa tarawa da ɗebewa a kan haka, hadda zai ci gaba da yi, kuma haddar takan watse da zarar lissafi ya haura goma. Don haka kafin a rubuta masa alamar + ko − a kan allo, a fara gwada ƙidayarsa.

Gwajin ba ya cin minti biyar. A zuba marafan kwalba guda tara a kan faifai, a ce ya ƙirga da yatsa. A lura ko yana ba kowane marfi lamba guda, ko kuwa bakinsa ya fi yatsansa sauri har ya ambaci lamba biyu a kan marfi ɗaya. In ya gama a tambaye shi, "To, nawa ke nan?" Wanda ya gane zai ce tara kai tsaye. Wanda bai gane ba zai koma ya sake ƙirgawa daga farko, domin bai san cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya ba. Sannan a baza marafan a kan idonsa, ba a ƙara ba, ba a rage ba, a sake tambaya. Yara da dama za su ce sun ƙaru, don sun ga sun cika wuri. Masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya yi fice wajen nazarin wannan hali na yara, kuma ba daƙiƙanci ba ne, mataki ne da yaro yake ratsawa. Abin yi shi ne a sa shi ya riƙa ture kowane marfi gefe da zarar ya ƙirga shi, a kuma yawaita aikensa da adadi: "ɗauko cokali huɗu", "ba ƙaninka dabino uku". Wani yaro 'yan kwanaki sun ishe shi, wani sai an yi makonni. Kada a wuce nan sai ya zauna.

Kayan aiki

Babu abin da sai an saya. Ana bukatar marafan roba na gorar ruwa ko lemo guda 20, goma kala ɗaya, goma wata kala. Na roba sun fi na ƙarfe, don na ƙarfe suna tsatsa suna kuma yanka. Sai ɗan kwano wanda ba a ganin cikinsa in an kife, da faifai ko tire, da alli ko gawayi. Sai kiret ɗin ƙwai na kwali: mai cin ƙwai 30 yana da layi shida na gurbi biyar-biyar, in aka yanka shi layi bibbiyu za a sami tire uku, kowanne mai gurbi goma. Daga baya za a bukaci tsinkayen tsintsiya masu kauri guda 100, a karya su tsawon yatsa, da robar ɗaure kuɗi ko zare. Wake da 'ya'yan tsamiya suna aiki, amma in akwai mai rarrafe ko ɗan yaye a kusa a guje su, don suna kai wa baki, har su cusa a hanci ko kunne.

Minti 10 zuwa 15 kowace rana ya fi awa guda ranar Asabar. In yaro ya fara hamma ko wasa da marafan, a tashi.

Abu ɗaya da aka raba biyu

A makarantu da yawa ana koyar da tarawa a wannan zango, ɗebewa kuma sai zango na gaba, har yaro ya ɗauka darussa biyu ne da ba su san juna ba. Wannan shi ne babban kuskuren da ya kamata a kauce masa. Duk lissafin tarawa da na ɗebewa magana ce a kan adadi guda da aka raba gida biyu. In ka san gidajen biyu kana neman duka, tarawa kake yi. In ka san duka da gida ɗaya kana neman ɗayan, ɗebewa kake yi. Yaro ya fara ganin wannan da idonsa kafin ya ji sunan ko ɗaya daga cikinsu.

A fara da biyar, don yatsun hannu ɗaya suna nan a matsayin shaida. A ja layi da alli a tsakiyar tire, a ba yaro marafa biyar ya watsa. Wasu za su faɗa dama, wasu hagu. Ya faɗi abin da ya gani: "Uku a nan, biyu a nan, duka biyar." Ya kwashe ya sake watsawa. Bayan 'yan zagaye zai gano da kansa cewa ko ta yaya suka faɗi, biyar ɗin ba ta canzawa. Hanyoyin raba biyar guda shida ne: 0 da 5, 1 da 4, 2 da 3, 3 da 2, 4 da 1, 5 da 0. Ranar da duka suka faɗa gefe ɗaya, ranar ce ta gabatar da sifili, a ce masa, "Wannan gefen babu komai, ana ce masa sifili." Ba sai an ware wa sifili darasi na musamman ba.

Daga nan sai wasan kwano, wanda shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo. A ƙirga marafa biyar tare, yaro ya rufe ido, a kife kwano a kan wasu.

"Binta, marafa nawa muka ƙirga?"

"Biyar, Malama."

"Yanzu nawa kike gani?"

"Biyu."

"To nawa suka ɓuya a ƙarƙashin kwano?"

Kada a yi gaggawar ba ta amsa, kada kuma a ce "a'a" in ta faɗi ba daidai ba. Ta ɗaga kwano ta duba da kanta. In ta ci, a tambaye ta, "Yaya kika yi kika sani?" Wata za ta ce ta ɗaga yatsu biyar ta lanƙwashe biyu. Wata za ta ce, "Ai biyu da uku biyar ne." Wannan ta biyun ta yi amfani da tarawa ta warware ɗebewa, ko da ba ta san sunan abin da ta yi ba, kuma nan ake son kowane yaro ya iso. A riƙa musanya: yaro ya ɓoye, babba ya canka. Wani lokaci babba ya faɗi amsar da ba daidai ba da gangan, don yaro ya kama shi ya kuma bayyana dalili. In biyar ta zauna a koma shida, bakwai, har goma, kowace lamba a ba ta kwanakinta.

Sai bayan haka a shiga zane. A zana da'ira babba a sama, ƙanana biyu a ƙasa, a haɗa su da layi. Babbar ta duka ce, ƙananan na ɓangarori ne. Da farko a ɗora marafan a cikin da'irorin, sannan a maye gurbinsu da ɗige-ɗige, a ƙarshe a rubuta lambobi. Wannan jeri na hannu, sannan hoto, sannan alama, masanin nan ɗan Amurka Jerome Bruner ne ya fayyace shi a shekarun 1960, kuma a kansa ƙasar Singafo ta gina lissafin firamarenta tun shekarun 1980. Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne tsallake matakin tsakiya: yau yaro yana wasa da marafa, gobe an kwashe an ba shi shafi cike da lambobi, babu abin da ya haɗa masa biyun.

Daga zane ɗaya mai 5 a sama, 3 da 2 a ƙasa, jimloli huɗu suke fita:

3 + 2 = 5
2 + 3 = 5
5 − 2 = 3
5 − 3 = 2

Kowace jimla yaro ya yi ta da hannu yayin da yake faɗin ta: ya haɗa, ya juya tiren ya ga biyu da uku daidai suke da uku da biyu, ya janye biyu, ya mayar, ya janye uku. A rana guda za a koya masa alamomin + da −, ba a raba su ba. Amfanin wannan a fili yake. Lissafin tara lamba guda da lamba guda, daga 0 zuwa 9, guda 100 ne, na ɗebewa da suka dace da su ma 100. Yaron da ya gane cewa juya lambobi ba ya canza jimla ya rage na tarawa zuwa 55, in an cire masu sifili saura 45, kuma na ɗebewa ba sai ya haddace su daban ba.

Akwai tarko a nan. Da yake ya ga ana juya tarawa, sai ya juya ɗebewa ma ya rubuta 2 − 5 = 3. A ba shi marafa biyu a ce ya ɗebe biyar. Zai ga ba su isa ba. A tsaya a kan "ba su isa ba", kada a kafa masa doka cewa har abada ba a cire babba daga ƙarami, domin 'yan shekaru kaɗan masu zuwa zai haɗu da lambobin da ke ƙasa da sifili, dokar ta zame masa cikas.

Daga ƙirga duka zuwa ɗorawa

In aka ba ƙaramin yaro 5 + 3, zai ƙirga biyar, ya ƙirga uku, sannan ya koma ya ƙirga duka daga ɗaya. Ba laifi a farko. Amma ana so ya kai ga riƙe biyar a ka, ya ɗora: shida, bakwai, takwas. Kwano ne zai sake taimakawa. A ƙirga biyar a kife su, a rubuta 5 a bayan kwanon da alli, a ajiye uku a waje. Tunda ba ya ganin na ciki, dole ya tashi daga biyar. In ya saba, a ba shi 2 + 7 a bar shi ya sha wahalar tashi daga biyu, sannan a tambaye shi ko akwai hanya mafi sauƙi. Gara ya gano da kansa cewa tashi daga babbar lamba ya fi, a kan a faɗa masa.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne amsa ta gaza ko ta wuce da ɗaya. Yaro ya ce "biyar, shida, bakwai" ya ba da 7 a matsayin 5 + 3, ko ya ce "takwas, bakwai, shida" ya ba da 6 a matsayin 8 − 3. Dalili shi ne ya lissafa lambar da ya tashi daga kanta a cikin takun. A fita tsakar gida a ja layi a ƙasa, a rubuta 0 zuwa 10 da tazarar taku ɗaya-ɗaya, ya tsaya a kan 5 ya yi tsalle uku. Tsayuwa ba tsalle ba ce, jikinsa zai gaya masa haka. A kan layin nan kuma zai ga cewa tsalle uku gaba, sannan uku baya, yana mayar da shi inda ya tashi.

Maganar yatsu kuwa, a bar yaro ya yi amfani da su. Hana shi ba ya sa ya daina, sai dai ya ɓoye hannu a ƙarƙashin benci ko ya fara cankar amsa. Yatsun za su sauka da kansu in ya sami hanyar da ta fi su sauri.

Ɗebewa ba kwashewa kaɗai ba ce

Ga tambayoyi uku, dukkansu amsarsu 8 − 5. Ladi tana da alewa takwas, ta sha biyar, saura nawa? Ladi tana da takwas, Tanko yana da biyar, da nawa ta fi shi? Tanko yana da biyar, yana son su cika takwas, nawa zai ƙaro? Ta farko ce kaɗai ake yawan koyarwa, shi ya sa in aka yi wa yaro ta biyu sai ya ce "takwas", don abin da ya ji shi ne wa ya fi yawa, kuma ba a kwashe komai ba balle ya yi tunanin ɗebewa. A jera na Ladi a layi, na Tanko a ƙarƙashinsu, kowane marfi yana fuskantar ɗan'uwansa. Ukun da suka rasa abokan fuskanta su ne bambancin. Ana iya sauƙaƙa tambayar da farko: yara takwas ne, kujeru biyar, nawa za su rasa wurin zama? Wannan yara sukan amsa ta nan take.

Ta ukun ita ce aka fi ganin dangantakar a cikinta, kuma ita ce hanyar da mai shago yake bi wajen ba da canji: ba ya cirewa, ɗorawa yake yi daga kuɗin kaya har ya kai abin da aka ba shi. A nuna wa yaro 9 − 7. Komawa baya taku bakwai wahala ce, kuskure kuma yana da sauƙin shiga. Amma in ya tambayi kansa "bakwai da nawa ne tara?" sai ya ce takwas, tara, biyu ke nan. In abin da za a cire kaɗan ne, kamar 9 − 2, komawa baya ta fi. In lambobin suna kusa da juna, ɗorawa ta fi. A riƙa tambayarsa wace hanya zai bi kafin ya fara.

A guji koya wa yara cewa duk inda suka ji "ƙara" ko "fi" tarawa ce, inda suka ji "saura" ɗebewa ce. Tambayar Tanko tana da "ƙaro" a ciki, ga shi kuwa ɗebewa ce. Yaron da aka saba masa da farautar kalma zai tara 5 da 8 ya ce 13. Tambayar da za a saba masa da ita ita ce: duka muke nema, ko ɓangare?

Tsallake goma

Abokan goma, wato 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, su ne kaɗai ya kamata a dage har yaro ya riƙa faɗin su ba tare da tunani ba. Tiren ƙwai mai gurbi goma ne kayan aikinsu. A sa marafa bakwai, a cika layin sama kafin na ƙasa, a tambaya gurbi nawa ne babu komai. Bayan 'yan kwanaki a nuna tiren na daƙiƙa biyu a rufe, don ya daina ƙirga ɗaya-ɗaya ya fara ganin "biyar da biyu".

Sai 8 + 5 da tire biyu. Takwas a na farko, biyar a na biyu. "Nawa na farkon yake bukata ya cika?" Biyu. Ya ɗauko biyu daga biyar ɗin ya cike. Yanzu ga goma cif, ga uku. A nan harshenmu ya yi wa yaro rabin aikin, domin sunan lambar da kansa yana faɗin abin da ke gabansa: goma sha uku. Don haka a wannan mataki a riƙa faɗin "goma sha uku" cikakke, a jinkirta taƙaitawa zuwa "sha uku". Nan take kuma a juya: 13 − 5. Ya cire ukun da ke tire na biyu ya dawo goma, ya cire sauran biyu daga goman, saura takwas. Wanda bai iya raba biyar zuwa biyu da uku ba zai maƙale a nan, kuma maganinsa komawa wasan kwano, ba ƙarin shafukan aiki ba.

Tara lamba da kanta, kamar 6 + 6 da 7 + 7, yara sukan riƙe da wuri, daga nan 6 + 7 ta zama "shida biyu da ɗaya". Lamba 9 kuma goma ce ba ɗaya, yadda manya suke cewa ashirin ba ɗaya suna nufin 19, saboda haka 6 + 9 ita ce 16 a cire ɗaya.

Wani abu da ake raina shi alhali yana yin ɓarna har sakandare shi ne alamar =. Yara da yawa sun ɗauka ma'anarta "rubuta amsa a nan". A gwada su da 4 + 3 = __ + 2. Wasu za su rubuta 7, wasu su tara komai su rubuta 9, alhali 5 ce. Alamar kamar sikeli ce mai faranti biyu, abin da ke dama nauyinsa ɗaya da na hagu. A riƙa karanta ta "daidai yake da", a kuma riƙa rubuta 7 = 4 + 3 da 4 + 3 = 5 + 2 tun da wuri, tare da marafa a tire biyu don ya tabbatar. A riƙa matsar da gurbin da babu komai ma: 5 + __ = 8, da __ − 3 = 5. Wannan ta ƙarshen ita ta fi wuya, kuma wanda ya warware ta da tarawa ya riƙe dangantakar da gaske.

Ɗauri da tsinke

Ashirin, talatin, arba'in da sauransu daga Larabci muka aro su, yaro ba ya jin "goma biyu" a cikin ashirin. Shi ya sa in aka ce ya rubuta ashirin da uku wani sai ya rubuta 203, ya sa 20 ya liƙa mata 3. A ba shi tsinkaye ya ƙirga goma ya ɗaure da kansa. Ɗauri biyu da tsinke uku: 23. A ja layi a raba takarda gida biyu, hagu na ɗauri, dama na tsinke, da doka guda ɗaya: tsinke ba ya kai goma a gidansa, da ya cika sai a ɗaure a tura hagu.

A ɗauki 27 + 15. Ɗauri biyu da tsinke bakwai, ɗauri ɗaya da tsinke biyar. Tsinkaye sun zama goma sha biyu, a ɗaure goma, saura biyu. Ɗauri sun zama huɗu: 42. Yaron da aka koya wa rubutu kaɗai yakan rubuta 312, ya sa 12 ɗin gaba ɗaya kusa da 3. Kafin a gyara masa, a tambaye shi, "Ashirin da wani abu, da goma da wani abu, za su kai ɗari uku?" Ƙaramar 1 da ake rubutawa a saman gidan hagu kuwa, a kira ta da sunanta, sabon ɗauri ne, goma ce.

Ba tare da an kwashe tsinkayen ba a ce ya cire 15 daga 42 ɗin. Yana bukatar tsinke biyar, biyu gare shi. A yi shiru a bar shi. Yawanci da kansa zai kai hannu ya kwance ɗaurin da ya ɗaure ɗazu. Yanzu ɗauri uku, tsinke goma sha biyu, kuma har yanzu 42 ne, a tsaya a tabbatar ya yarda da haka. Ya cire biyar saura bakwai, ya cire ɗauri ɗaya saura biyu: 27, lambar da ya fara da ita. Kalmar "aro" da aka saba da ita ba ta bayyana wannan, don yaro yakan tambaya yaushe za a biya. "Kwance ɗauri" ta fi faɗin abin da ya faru.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a ɗebewa mai gida biyu shi ne cire ƙarami daga babba ko ta ina yake. A 42 − 15 yaro ya ga 2 a sama, 5 a ƙasa, sai ya cire 2 daga 5 ya sami 33. Wani kuma zai kwance ɗauri ya manta bai rage gidan hagu ba, ya sami 37. Ba sai malami ya ja jan biro ba. A ce ya mayar da abin da ya cire: 33 da 15 sun ba da 48, 37 da 15 sun ba da 52, babu wanda ya koma 42. A mayar da wannan al'ada, kowace ɗebewa a bi ta da tarawa.

A aji mai yara da yawa, a zaunar da su biyar-biyar ko shida-shida a kan tabarma, kowane rukuni da tsinkayensa, kuma a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko tsawo ba: masu gyaran ƙidaya daban, masu wasan kwano daban, masu ɗauri daban. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan tsari na koyar da yaro daidai matakin da yake, ɗauri da tsinke kuma suna cikin manyan kayan aikinta. Amsa baki ɗaya da ƙarfi tana ɓoye wanda bai gane ba, gara kowa ya rubuta a allonsa su ɗaga lokaci guda. Bulala kuwa ba ta da gurbi a nan, domin yaron da ke tsoron duka ba zai faɗi yadda ya yi tunani ba, kuma in ba a ji tunaninsa ba ba za a san inda ya kauce ba.

Wasan shago da kuɗin takarda da aka yanka, na 10 da na 1, yana ƙarfafa duk wannan, musamman ba da canji ta hanyar ɗorawa. A Nijar da sauran wuraren da ake kashe sefa a yi hattara, don a kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, sai yaro ya ga 10 a jikin kuɗi ya ji ana ce masa dala biyu. A jinkirta kuɗin gaske har sai gomomi sun zauna.

Kada a janye tsinkayen rana guda. Da farko yaro ya yi da hannu, babba yana rubuta kowane mataki a gefe. Sannan ya yi da hannu ya rubuta da kansa. Sannan ya zana ɗauri da tsinke maimakon ɗaukar su. Sannan lambobi kaɗai, tsinkayen suna kusa in ya bukata. Kafin a ce ya wuce, a gwada shi da mai sifili, kamar 40 − 13, inda gidan dama babu tsinke ko ɗaya. Wasu za su rubuta 33, wasu 30. Wanda ya kwance ɗauri ya sami 27, ya kuma tara 27 da 13 ya ga sun koma 40 ba tare da an ce ya yi ba, ya isa a shigar da shi ɗaruruwa, inda za a haɗa ɗauri goma a yi babban dami guda.